Almakashi ya shiga fili: sake kallon Shaolin Soccer a tele

Cikin hutun da ya wuce na je Jiratawa gaida su Inna, dare ya yi mini, na kwana. Bayan isha'i anka fiddo tele tsakar gida, kamar yadda aka saba in zafi ya kori mutane daga ɗaki. Ƙanena na ta canza tasha, sai ga wani tsohon hoto marar launi, ɗan wasa ya aje balo zai buga penalti. Na ce masa: “Tsaya nan, kada ka taɓa!” Shaolin Soccer ne, yanzu ya fara. Sunan tashar kuwa bari in riƙe shi, don ba ita kaɗai ke irin wannan aiki ba.

Rabona da fim ɗin ya fi shekara goma. Na fara ganinsa a wani gidan kallo cikin Sabon Gari, nan Maraɗi, irin mai zana da bencina, dala biyar kuɗin shiga, janareto na ihu bayan katanga. Wanda ya tashi a garin nan ya san abin da ya biyo baya. Washegari a filin unguwa ba mai buga balo sai ya ɗaga ƙafa sama tukuna, mai tsaron gida kuma sai ya shafi hanci da babban yatsa irin na Bruce Lee, ko da an zura masa biyar.

To, daren nan na Jiratawa mun yi dariya, har Baba da ke cewa shi rediyo ya fi masa. Amma da anka zo wasan ƙarshe, ƴan Shaolin sun rasa mai tsaron gida, sai ga wata yarinya da askakken kai ƙwal ta shigo fili ta ce ita za ta tsaya. Ƙanena, ɗan shekara goma sha ɗaya, ya juyo ya ce: “Yaya, wacece wagga? Ba mai alkubus ba ce? Mi ya sa ta aske kai?” Na buɗe baki in ba shi amsa, sai na gane amsar ba ta cikin abin da munka kalla. An yanke ta. Wannan tambaya tasa ita ta sa na koma na nemi cikakken fim ɗin wurin masu tura fina-finai a waya, na kalle shi sau biyu da bik a hannu.

Ga wanda ya manta, ko wanda bai taɓa gani ba. Fim ne na Hong Kong, ya fito a 2001. Stephen Chow ya shirya shi, shi ne kuma jarumin, Sing, almajirin Shaolin mai ƙafar ƙarfe wanda ya ƙare yana tsintar bola yana sayarwa. Ya haɗu da Fung, wanda Ng Man-tat ya fito a matsayinsa (ya rasu a 2021), tsohon gwanin ƙwallo da ya karɓi cin hanci ya ɓarar da penalti, ƴan kallo sunka karya masa ƙafa, ya zama gurgu mai yi ma wanda ya cuce shi bauta har shekara ashirin. Su biyun sunka tattaro ƴan uwan Sing biyar da sunka yi karatu gaban malami guda, kowa ya lalace ta hanyarsa: babban yana aikin wulaƙanci a mashaya, wani na wanke-wanke a gidan abinci, wani ba aikin fari ba na baƙi, autan ya yi ƙiba har ba ya iya tsalle. Sai Mui, wadda Zhao Wei ta fito a matsayinta, mai kwaɓa wani burodin tururi da ba shi da maraba da alkubus ɗinmu, fuskarta duk ƙuraje, tana ɓoye ta da gashi. Fim ɗin ya kafa tarihin kawo kuɗi a Hong Kong a lokacinsa, ya kuma lashe kyautar fim mafi kyau a bikin fina-finansu na 2002.

Wuri uku na ga an sa almakashi a tele, ban da ƙananan yanka na tusa da amai waɗanda ba zan ɓata takarda a kansu ba.

Na farko shi ne mashaya, inda Sing da babban wansu, Mai Kan Ƙarfe, sunka hau dandamali da rigunan sufaye suna rera waƙar tallar Shaolin, waƙar da ba ta da kai ba ta da gindi, mutane na kallonsu kamar mahaukata, abin ya ƙare da duka da fasa kwalabe a ka. Wannan yanka na fahimce shi, ko ban yarda da shi ba. Garin nan bai manta Nuwamba 2000 ba, lokacin da zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta tashi a Yamai da Maraɗi har anka ƙona mashayu. Mai tasha da ke son ya kwana lahiya, in ya ga kwalba a allo, hannunsa zai kai ga almakashi tun kafin ya yi tunani. Sai dai abin da ya tafi tare da kwalbar shi ne sanin wane ne Mai Kan Ƙarfe. Mutum ne da ya shekara da shekaru yana horar da kansa har ya zama ƙarfe, sannan duniya ba ta samo ma kan nan wani amfani ba sai fasa kwalba. Wannan ita ce dariya mafi ɗaci a fim ɗin. In ba ka gan ta ba, ranar da ya sa kan nan ya buga balo za ka ce: kai, kansa da ƙarfi! Shi ke nan. Ba za ka ji abin da munka ji a gidan kallo ba, lokacin da wani ƙato a bayana, ɗan dako ne ina tsammani, ya miƙe tsaye yana ihu kamar shi anka rama ma.

Na biyu shi ne wanda ya fi ɓata mini rai, kuma a kansa zan daɗe. Wasansu na farko da wasu ƴan daba ne. Tun kafin a fara, sifana ta faɗo daga wandon shugabansu, ya ce ai shi makanike ne. Can sai ga guduma ta faɗo. Da anka fara wasa, ba ƙwallo suke ba, dukan kawo wuƙa suke. Har fim ɗin ya maida filin fagen yaƙi, Sing na jan ciki kamar soja harsasai na wucewa. Duk wannan tele ta nuna, ba ta rage ko naushi guda ba. Abin da ta cire bai kai minti biyu ba: inda Mai Kan Ƙarfe ya durƙusa yana roƙo a bar shi ya koma gida, shugaban ƴan daban ya miƙa masa ɗan kamfai ya ce sai ya sa a kai. Ya kuwa sa. Ƙattan na ta dariya. Sai iska ta tsaya, sai ƴan uwan nan kowa ya daskare cikin tsayuwar da malaminsu ya koya masa, ƙarfinsu ya dawo.

A tele abin da munka gani shi ne: ana dukansu, kiɗa ya yi tsalle, sai ga su sun zama aljanu. Ƙanena ya ɗauka wani asiri ne ya tashi, irin layar ɓata ko ta ƙarfe. Alhali fim ɗin cewa yake ba duka ke tada mutum ba. Duka sun saba da shi, talaka da duka ai abokai ne. Abin da ya tada su shi ne ganin babban wansu, wanda ke matsayin uba gare su, da kamfan wani a kansa. Mu da munka san nauyin kalmar mutunci, mu ya kamata mu fi kowa gane wurin nan. Mai almakashi ya ga kamfai ya ce batsa ce. Ni kuwa duk fim ɗin ban ga wurin da ya fi wannan kusa da tarbiyyarmu ba: a taɓa ka ka haƙura, a taɓa wanka ka tashi.

Na uku shi ne Mui. An bar farkonta, inda take juya ƙullu da salon taici, Sing ya ci alkubus ba shi da kuɗi ya bar mata takalminsa jingina, ta ɗinke masa shi. Daga nan sai ta yi ta ɓacewa. Ba mu ga inda ta yi kwalliya ba, kwalliyar da ta wuce misali, hoda kamar an shafa ma bango farar ƙasa, kafaɗun riga kamar na ɗan sanda, ta zo da ƙarfin hali ta faɗa ma Sing abin da ke ranta, shi kuma ya ce mata abota ce kawai tsakaninsu. Ba mu ga inda ya je nemanta daga baya anka ce masa an kore ta daga aiki ba, don alkubus ɗinta ya koma gishiri, hawayenta ke zuba cikin ƙullun. Ku dubi wannan don Allah. Ba rungume-rungume, ba sumba, ko hannu ba a riƙe ba. Laifin wurin kawai shi ne mace ce ta fara magana. Kuma da anka cire shi, zuwanta fili da askakken kai ya zama abin dariya zalla, alhali shi ne ƙarshen tafiyar yarinyar da ta fara fim tana ɓoye fuska da gashi, ta ƙare ba gashin ko ɗaya, gaban dubban mutane. Ita ce ta tare ƙwallon da ya raunata maza biyu, ba da ƙarfi ba, da laushi, ta juya shi kamar ƙullu. A tele, mace ta ci ma maza kofi ba tare da an san dalilinta ba.

Kada wani ya ce ina ɗaukar fim ɗin kamar wani littafi mai tsarki. Yana da nasa ƙazantar. Yadda yake maida ƙibar autan nan abin tsokana daga farko har ƙarshe ya gundure ni a wannan karon, haka ma wasu barkwancin kan fuskar Mui, waɗanda da ina yaro na yi ma dariya har da hawaye, yanzu kuwa sai na ji kunya ta kama ni. Aikin kwamfutarsa ya tsufa, wutar da ke bin balo ta koma kamar zanen yara. Ƙungiyar miyagun ma ba mutane ba ne, an yi musu allurar ƙara kuzari ta Amurka, an sa musu baƙaƙen kaya, shi ke nan. Wanda ya kalli Olive et Tom yana yaro zai gane inda Stephen Chow ya samo wannan shuri da ke yaga raga, shi da kansa bai ɓoye ba. Kuma gaskiya ɗaya da ba zan tsallake ba: ba don yankan nan ba, da ba mu zauna mu bakwai gaban tele guda da Baba da Inna ba. Da tun a mashaya Baba ya yi gyaran murya, an koma labarai. Kunya ba ƙarya ba ce a gidajenmu, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi kamar ni a Faransa anka haife ni ba.

Amma akwai wani abu da ban sani ba sai da na girma: almakashin tasharmu ba shi ne na farko ba. Kamfanin Miramax na Amurka ya sayi fim ɗin, ya riƙe shi bai sake shi can ba sai 2004, kuma ya datse fiye da minti 20 daga cikinsa, ya maido shi wajen minti 87. Su ba kunya ta sa su ba, ba kuma tsoron malamai ba. Sun ga kamar ɗan kallonsu ba zai iya haƙurin dariyar mutanen Hong Kong ba, a kai shi ga ƙwallo da sauri. Haka kuma a 2001, shekarar da fim ɗin ya fito, jihar Kano ta kafa hukumarta ta tace fina-finai, wadda duk wani faifan Hausa da ke ƙetarowa ta Jibiya da Ɗan Isa ya shigo kasuwarmu ya san da zamanta. Wato almakashi iri-iri ne: akwai na ɗan kasuwa, akwai na hukuma, akwai na mai tasha da ba wanda ya aike shi sai tsoronsa.

In za a tilasta mini zaɓi, wallahi na fi son namu na gida, don shi ba ya iya ɓoye kansa. Kiɗa na tafiya sai ya yanke, mutum na tsakiyar magana sai ka gan shi a wani titi. Tabon na nan a fili, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ma ya gan shi har ya yi tambaya. Na ƙwararru kuwa sumul yake, an gyara sauti, an ɗinke hoto, ka kalla ka tashi ka rantse ka ga fim ɗin duka. Wanda ya sace maka akuya ya bar igiya ya fi wanda ya tafi da ita har turken, ya share wurin.

Abin da duk almakasan nan sunka haɗu a kai shi ne wurin da suke yanka. Ba sa taɓa nasara. Ba wanda zai cire ƙwallon ƙarshe da ya tafi da raga da turaku da ciyawar fili. Kullum ƙasa suke yankewa, wurin da mutum ke durƙushe, don can ne ƙazanta take, can ne kwalba da kamfai da hawaye suke. To labarin wanda anka raina, in ka cire rainin, mi ya rage? Ya rage wasu mutane shida masu ƙarfin tsiya sun doke wasu. Wannan ko ba labari ba ne, sakamakon wasa ne, rediyo ma na karanta shi.

Mu ƴan Nijar muna da namu Shaolin Soccer ɗin, kuma ba Sinawa sunka rubuta shi ba. Ku tuna yadda Mena ta fara zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012. A Oktoba 2010 ta doke Masar, mai riƙe da kofin, ɗaya da nema a Yamai, Musa Maazu ya ci. A Satumba 2011 ta doke Afirka ta Kudu biyu da ɗaya. Ranar ƙarshe kuwa, a Alƙahira, Masar ta zura mana uku ba ko ɗaya. Su ƴan Afirka ta Kudu sunka yi kunnen doki da Saliyo, sunka hau rawa a fili suna murna sun wuce, ashe ba su karanta dokar gasar da kyau ba: in maki ya zo ɗaya, sakamakon karawa tsakanin ƙungiyoyin ake dubawa, ba yawan ƙwallaye ba. Mu da anka lallasa mu ne munka wuce, ƙarƙashin Haruna Dula. Mun je Gabon, an ci mu wasa uku duka, mun dawo. Yanzu a ce wani mai kishin ƙasa ya shirya fim ɗin wannan, ya ce uku da neman nan ta Alƙahira abin kunya ce a cire ta. Ya kashe labarin ke nan, don daɗinsa duka yana cikin ukun nan.

Ko ku dubi filin kokowa, wanda ke ɗauke da sunan Kantu, ɗan Maraɗin da ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975. Tele na nuna kokowa kai tsaye, kuma ba a yanke faɗuwa. Ƙato ya sha ƙasa, walki ya karkace, layu sun watse, ƴan cali-cali sun fito suna kwaikwayon yadda ya faɗi gaban gwamna da sarakuna, kowa na dariya, har iyayenmu. Ba wanda ya ce tarbiyya ta lalace. Shekara mai zuwa in wanda anka kayar ya dawo ya ɗaga wanda ya kada shi, garin ba ya barci, saboda kowa ya ga faɗuwar da idonsa. Garuruwan namu ma haka sunka samu. Maraɗi, Katsinawan da birninsu ya kuɓuce musu a farkon ƙarni na 19 ne sunka maida ita gidan sarautarsu. Tsibiri, Gobirawa ne sunka kafa ta ƙarƙashin Mayaƙi bayan kashin da sunka sha a Gawakuke a 1836. Je ka Tsibiri ka zauna da tsoho ya ba ka tarihi, ba zai fara da ginin gari ba, da Gawakuke zai fara.

Abin da ya sa na kawo wannan magana cikin ɗan littafinmu, ba a fada wurin shayi kawai ba, shi ne mu ma muna da almakashi. Ba hukumar da ta san da zamanmu, kwafi nawa muke bugawa gaba ɗaya? Amma ku buɗe fitowarmu ta baya ku karanta gajerun labaran, har da nawa. Jarumin maraya ne, talaka, amma tsab-tsab, bai taɓa roƙo ba, bai taɓa ƙarya don ya ci abinci ba, bai taɓa yin dariyar dole ga wanda ya zage shi ba. A shafi na biyu yana tallar goro, a shafi na biyar ya zama likita. Tsakanin shafukan nan kiɗa ya yi tsalle. Ni na san abin da na cire daga nawa: ranar da na tsaya ƙofar wani mai hali awa uku don kuɗin rajista, ya fito ya ba yaronsa saƙo ya ba ni, bai ko dube ni ba, na durƙusa na yi godiya har sau uku. Na rubuta wurin, na karanta, na tuna Kawu na iya ganin littafin, na yage shafin. Labarin ya fito lahiya lau, an yaba, kuma ba komi cikinsa.

Akwai inda Sing ke kwatanta mutumin da ba shi da buri da busasshen kifi. A gidan kallo mun yi ta maimaita maganar muna tsokanar juna. Tele ta bar wannan wurin, ai magana ce mai kyau, ta dace da jarabawar lakwal. Sai dai mai faɗinta yana faɗinta ne da yagaggen takalmi, ga wansa da ke goge ƙazantar mashaya, kuma wan bai ce masa madalla ba, korarsa ya yi.

Sati biyu bayan haka na koma Jiratawa da cikakken fim ɗin a waya. Na samu ƙanena a lambu yana taya Baba yankan zogale. Da anka huta munka zauna gindin mangwaro, na kunna masa daga wasan ƴan daba. Sifana ta faɗo, ya yi dariya. Guduma ta faɗo, ya kwanta ƙasa. Mai Kan Ƙarfe ya durƙusa, shugaban ƴan daban ya kai hannu ga wandonsa, sai na ji takun Baba a bayanmu yana cewa: “Mi kuke kallo haka, ku ba ni in gani.” Ban san lokacin da yatsana ya ja fim ɗin gaba ba. Da Baba ya leƙo, ƴan uwan ne tsaye cikin iska, wuta na ci a bayansu. Ƙanena ya dube ni, ya dubi wayar, bai ce komi ba.